Farin wata da kamun kifi: raga zan saya ko fitila?

Wani matashi daga Yauri ya rubuto: "Sana'ar su na gada wurin mahaifina, ragar kalli nake kafawa da dare a tafkin Kainji. Na lura duk sanda wata ya kai kwana 12 zuwa 16 kamuna yana raguwa. Na tara ɗan kuɗi, wasu sun ce in sayi raga mai siririn zaren roba, wasu sun ce fitila mai caji. Wanne zan ɗauka?"

Ƙanena, idonka bai yaudare ka ba. Kalli ba ya aiki sai idan kifi bai gan shi ba. A daren duhu kifi yana tafe sai ya ji ya maƙale, amma idan farin wata ya ratsa ruwa, masu yawo da ido irin su karfasa da kawara da tsage sukan hangi zaren su kauce, wasu kuma su nutsa ƙasa. Tarwaɗa da kurungu kuwa da gashin baki da sansane suke neman abinci, haske bai cika damunsu ba.

Sai dai ka haɗa da launin ruwa, domin shi ke nuna iya inda hasken zai kai. Ka fi ni sanin cewa Kainji sau biyu yake samun ruwa a shekara. Akwai farin ruwa na damina, wajen Agusta zuwa Oktoba, mai ɗauke da laka, akwai kuma baƙin ruwa da ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya iso mana da sanyin hunturu bayan ya zubar da lakarsa a hanya. A ruwa mai laka ko wata ya cika kifi ba ya gani da nisa. A ruwa garau ne farin wata yake cin kasuwarka.

Fitila kuwa ba maganin matsalarka ba ce, ina roƙonka kada ka zuba kuɗinka a kanta da wannan niyya. Aikinta shi ne ta tara ƙananan halittun ruwa, ƙananan kifaye irin warangi su biyo su. Hakan sai a cikin duhu, lokacin da ita kaɗai ce haske a kan ruwa. Da wata ya cika, ko'ina ya haskaka, kifi ya watse. Shi ya sa masu kamun kapenta, wani ɗan ƙaramin kifi, da fitila a tafkin Kariba, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, suke ajiye aiki a kwanakin cikar wata, haka ma kamun ƙananan kifi yake ja baya a tafkin Tanganyika da na Biktoriya. Idan ka sayi fitila, darajarta tana fitowa ne a dararen da dama kallinka yake kamu.

Don haka ragar ce ta dace da kai. Amma ka san halinta kafin ka biya: siririn zaren roba yana ɓoyewa a ruwa, sai dai ɗinkinsa da wahala, kuma rana tana ƙona shi ya riƙa tsinkewa. Ka shanya ta a inuwa. Idan ta mutu kada ka yar da ita a tafki, domin za ta ci gaba da kashe kifin da ba wanda zai ci. Idonta kuma kada ya gaza inci 3. Mai ƙaramin ido tana kwashe 'ya'yan da za ka kama baɗi, wannan kuwa abu ne da yake ci mini rai duk sanda na ga tulin ƙananan karfasa a kasuwa. Abin da ya rage na kuɗin ka sayi ƙugiyoyi, ka riƙa neman tarwaɗa da su a dararen haske.

Ga wata dabara da ba ta cin ko kwabo. Wata yana jinkirin fitowa da kimanin minti 50 kowace rana. A kwana 7 yana faɗuwa wajen tsakar dare, sauran daren duhu ne. A kwana 21 ko 22 sai tsakar dare yake fitowa, farkon daren naka ne. Dararen da haske yake kwana gaba ɗaya ba su wuce waɗannan huɗu ko biyar da ka ambata ba. Su ne na ɗinkin raga da toshe jirgi.

Wata Hajiya mai sarin banda a Kano ta tambaya ko ta riƙa ajiye kuɗinta sai duhun wata, lokacin da kifi zai yi araha.

Hajiya, ɗanyen kifi a bakin ruwa yakan ɗan yi tsada a kwanakin cikar wata, amma banda takan yi makonni tsakanin wurin gashi da shagonki, kafin nan lissafin wata ya rikice. Abin da ke juya farashinki shi ne kuɗin mota da janyewar ruwa. Idan fadamun Haɗeja da Nguru suka fara janyewa bayan damina, kifi yana taruwa a tafkuna, kamu ya yawaita. Lokacin ya kamata ki ƙara jari, gwargwadon abin da za ki sayar kafin ƙwari su shige shi.

Na uku ma'aikaci ne a Legas da ke fita kamun kifi da ƙugiya ran Asabar, kuma yakan je madatsar Tiga idan ya zo gida. Ya ga manhajar waya da ake biya duk wata, wadda ke faɗin sa'ar da kifi zai ci koto, yana son sanin ko ta cancanci kuɗinta.

Malam, yawancin irin waɗannan manhajoji sun ginu ne kan jadawalin da wani Ba'amurke, John Alden Knight, ya tsara a 1926, inda ya ce kifi ya fi cin abinci idan wata yana bisa kai ko ƙarƙashin ƙafa. Ni ba zan biya kuɗi a kan wannan ba, domin iska da zafin ruwa da tsabtarsa suna iya rushe lissafin a kowace rana.

A Legas abin da kake buƙata shi ne jadawalin cika da janyewar teku, kuma ana samunsa kyauta a intanet. Nan kam ikon wata a fili yake: teku tana cika sau biyu a rana, tazarar kusan awa 12 da minti 25, kuma motsin ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da cikarsa, ya yi sanyi wajen kwana 7 da 22. Ka fita lokacin da ruwa ke tafiya, musamman a bakin kogi, domin shi ke kawo wa kifi abinci. A Tiga babu wannan. Manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada ma tashin da wata ke yi musu bai kai santimita 5 ba, balle madatsa.

Kuɗin manhajar na wata ɗaya ka sayi littafin rubutu da kalandar Hijira. Duk fita ka rubuta kwanan wata, da sa'a, da launin ruwa, da koton da ka sa, da abin da ka kama. Bayan wata shida ka buɗe ka duba ranakun da suka fi yi maka kyau a wurin da kake zama.