Amsa: Ko maida keke na ya koma iskar gas zai fitar da ni?

Malam, ka ce mai da tikiti suna cinye cinikinka, kana tambaya ko ka maida Keke Napep ɗinka ya koma amfani da CNG, wato iskar gas da ake matsawa a tukunya don ababen hawa. Shawarata: ka yi, amma in keken naka ne.

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200, har ta haura 1,000 a 2024. Mai kuɗi bai ji a jikinsa ba. Kai da ke jigila daga Kawo zuwa Kasuwa, kafin ka ga na cefane sai ka cire na mai, na ƙungiya, na balas ɗin mai keke in ba naka ba ne, ga sabunta takardu. Ka ƙara naira ɗari, fasinja ya ce a sauke shi, ya taka da ƙafa.

Gas ya fi fetur sauƙi nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce gidajen sayar da shi ba su da yawa, layi zai iya cinye maka safiya, lokacin 'yan makaranta da ma'aikata. Tukunyar kuma a sa maka ta gaske a cibiyar da aka amince da ita, ba ta girki ba, don Allah.

In balas kake kaiwa, mai keken ya biya kuɗin aikin.