Bitcoin, Monero ko USDT: wanne zai rufa wa ɗan kasuwa asiri?

Wani ɗan kasuwa da ke sayar da kaya ta intanet ya aiko da tambaya. Wasu abokan cinikinsa na ƙasashen waje suna so su riƙa biyansa da kuɗin kirifto. Ɗaya ya ce Bitcoin ya fi, don ba wanda zai san cinikin da suka yi. Wani ya ce Monero ne mai sirri. Na uku kuma USDT yake so. Shi damuwarsa kada lissafinsa da bayanan masu sayen kayansa su faɗa hannun wanda bai dace ba. Wanne zai karɓa?

Alhaji, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Zan fara da maganar wanda ya ce Bitcoin yana ɓoye ciniki, domin ita ce za ta fi cutar da kai idan ka ɗauka.

Tun da Bitcoin ya fara aiki a Janairun 2009, a kan buɗaɗɗen kundin lissafi yake tafiya. Duk kuɗin da ya tashi daga wani adireshi, wato lambar da ake karɓar kuɗin da ita, zuwa wani yana rubuce, da adadinsa da lokacinsa, kowa zai iya dubawa, kuma ba a gogewa. Suna ne kawai babu a ciki. To amma ranar da ka tura wa mai saye adireshinka, ai ka haɗa masa sunan da lambar da hannunka. Daga nan yana zaune a ɗakinsa zai ga nawa ya shigo maka jiya, nawa ya fita, nawa ya rage. Ka fi ni sanin abin da zai faru idan mai ba ka sari ya san nauyin aljihunka kafin ku zauna ciniki. Akwai ma kamfanoni irin su Chainalysis da bin sawun nan ne sana'arsu. A Fabrairun 2022 hukumomin Amurka sun ƙwace kimanin Bitcoin 94,000 daga cikin waɗanda aka sace a dandalin musayar kirifto na Bitfinex tun 2016. Fiye da shekara biyar, sawun yana nan.

Mai maganar Monero ya fi shi gaskiya. Wannan kuɗi da ya fito a 2014 yana ɓoye mai turawa da mai karɓa da adadin da aka tura, kuma haka yake yi a kan kowane ciniki, ba sai an zaɓa ba. A fagen sirri ya yi wa sauran biyun nisa. Sai dai sirrin nan shi ya sa hukumomi suke masa kallon tuhuma. Dandalan musaya a Japan da Koriya ta Kudu sun daɗe da ajiye shi, Binance ma ya cire shi a Fabrairun 2024. Kai kuwa kuɗi kake so wanda gobe da safe za ka canza ka biya mai kaya. Wanda za ka riƙe kana yawon neman mai saye, jari ne ya kwanta.

USDT kuma ba don sirri aka yi shi ba, don tsayuwar daraja aka yi shi. Kamfanin Tether ne ke fitar da shi da alkawarin kowane ɗaya daidai yake da dalar Amurka ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai lissafin riba. Bitcoin ya kusa dala 69,000 a Nuwamban 2021, bayan shekara guda ya faɗi ƙasa da 17,000. Wane ɗan kasuwa ne zai sa farashin kaya a kan irin wannan? Amma ka sani, USDT ma a buɗaɗɗen kundi yake yawo, ko a Tron ko a Ethereum, wato hanyoyin da ake tura shi ta cikinsu, kuma Tether na da ikon daskarar da kuɗin da ke wani adireshi, ya sha yin hakan bisa buƙatar hukumomi. Ba kuma duk kuɗin da aka ce an ɗaure shi da dala ne ke cika alkawari ba: TerraUSD ya rushe cikin 'yan kwanaki a Mayun 2022.

Inda na fi so ka sa ido shi ne wurin da kake miƙa takardunka. Kusan kowane babban dandali zai nemi katin shaidarka da hoton fuskarka da adireshin gidanka, kuma tun 2019 hukumar FATF, mai sa ido kan halasta kuɗin haram, ta nemi dandalai su riƙa tura bayanan mai aikawa da mai karɓa tare da kuɗin. A irin wuraren nan asiri ya fi tonuwa. A 2020 an saci bayanan abokan cinikin Ledger, kamfanin da ke ƙera na'urar ajiye kirifto, aka watsa sunaye da lambobin waya da adireshin gida na mutum kusan 270,000. Ba a taɓa kuɗin da ke cikin na'urorin ba, amma ɓarayi sun san gidan da za su nufa, mutane suka yi ta samun saƙonnin yaudara da barazana.

Kana da haƙƙi a nan, kuma da yawa ba sa nema. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, da ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, ta ba mutum ikon tambayar kamfani abin da ya ajiye a kansa, ya sa a gyara kuskure, ya nemi a goge. Kamfani zai amsa cikin wata guda, idan an yi masa kutse kuma ya sanar da hukuma cikin awa 72. Tarar na iya kai Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin shekara. Ƙasashe da dama sun yi nasu dokokin a kan wannan tsari, sai ka duba ta ƙasarka. Haƙƙin gogewa yana da iyaka: dokokin hana halasta kuɗin haram suna tilasta wa dandali riƙe takardunka na wasu shekaru, galibi biyar, abin da ya hau kundin kirifto kuwa babu kotun da za ta iya share shi.

Dokar nan ba kai kaɗai take karewa ba, Alhaji, tana hawa kanka ma. Idan kana tallata kaya ga mutanen da ke cikin Tarayyar Turai, ta shafe ka ko kana wajenta. Ko babu doka, lambar waya da adireshin wanda ya sayi kayanka amana ce. Karɓi abin da aika kaya ke buƙata kawai. Kada ka tara hotunan katin shaidar mutane a wayarka, kada kuma ka rubuta sunan mai saye a cikin bayanin da ke tafiya tare da kuɗin.

Shawarata, idan dokar ƙasarka ta yarda, ka karɓi USDT, kana ɗauka cewa duk abin da ya wuce ta ciki ana gani. Ka ba kowane mai saye sabon adireshi, ka raba walat ɗin karɓar ciniki da na ajiya (walat shi ne ma'ajiyar kirifto). Kafin babban biya ku gwada da kaɗan, ku tabbatar hanya ɗaya kuke kai, Tron ce ko Ethereum, don kuɗin da aka tura ta hanyar da ba ita ba sau da yawa ba ya dawowa. Kada ka bar jarinka ya kwana a dandali; waɗanda suka bar nasu a FTX sun wayi gari a Nuwamban 2022 ba su iya cirewa. Kalmomin sirrin walat ɗinka, waɗanda su ne mabuɗin kuɗinka, 12 ne ko 24, a takarda za ka rubuta su ka adana, ba a hoton waya ba. Duk wanda ya kira ka ya neme su, ko ya ce daga kamfanin yake, ka kashe wayar.