Tambaya da Amsa: Ina Son Canza Katin Hoton Kwamfutata, Zai Hau Kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi kwamfutar gem ta hannu, HP Pavilion Gaming, irin wadda ake shigowa da ita daga waje a haɗe. Furosesarta Core i5-9400F ce, RAM 8GB, katin hoto (wanda ke sarrafa hotunan da ke fita a monita) kuma GTX 1650. Wasan ƙwallo yana tafiya lafiya lau, amma sababbin wasanni sai su yi ta sarƙewa ko da na rage komai. Wani abokina zai sayar min da RTX 3060 mai 12GB wanda ya yi amfani da shi. Zai hau kuwa? Na daɗe ina tara kuɗin nan, ba na son in yi asara.
*Mai karatu daga Zariya*

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka ba shi kuɗin tukuna. Hawa kam zai hau, domin ramin PCIe da ake soka katin iri ɗaya ne, sabon kati yana aiki a tsohon rami. Abin da ke damuna shi ne wutar da za ta ciyar da shi.

Kashe kwamfutar, cire ta daga soket, kwance murfin gefe. Za ka ga akwatin wuta, wani akwatin ƙarfe inda wayar wuta ke shiga, da takarda manne a jikinsa. Haska fitilar wayarka ka karanta lambar da ke kusa da harafin W. Irin wannan HP ɗin mai GTX 1650 yawanci wat 310 ake sa mata, kuma kamfanin bai yi kuskure ba: katinka na yanzu wat 75 yake ci, ramin da kansa yana ba shi hakan. RTX 3060 kuwa wat 170 yake nema shi kaɗai, Nvidia ma ta ce a haɗa shi da akwatin wuta mai wat 550. Ka ɗora shi a kan 310 tamkar ka ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Kwamfutar za ta kunnu, ka ga Windows, ka yi murna, sai wasa ya ɗau zafi ta mutu ɗif.

Sannan ka duba cikin wayoyin da suka fito daga akwatin, ko akwai mai baki shida ko takwas da ke lilo ba a soka shi ko'ina ba. RTX 3060 sai da mai baki takwas. Idan babu, za a samu wanda zai ce maka ai akwai 'yar mahaɗa da ke ɗauko wuta daga wayar SATA, wato wadda ke kai wa faifan ajiya wuta. Don Allah kada ka yarda. Bakin SATA bai wuce wat 54 ba, mai baki takwas kuwa an yi shi ne don wat 150. Na ga irin wannan mahaɗar a kan teburina, robar ta narke ta yi baƙi ƙirin ta manne da katin, ƙaurinta ya cika shago. Mai kwamfutar ya yi sa'a yana zaune a gabanta lokacin.

To, me zai hana a canza akwatin wutar? A nan ne kwamfutar da kamfani ya haɗa ta bambanta da wadda mutum ya harhaɗa da kansa. Akwatin wuta na gama-gari da ake sayarwa a titin Beirut a Kano ko Computer Village a Ikeja yana da babban baki mai ƙafa 24. Babban allon wannan HP ɗin, wato motherboard da ake soka komai a jikinsa, ba shi da mazaunin wannan bakin, nasa ƙanana ne na musamman, haka ma yawancin Dell OptiPlex. Mafita ita ce ka nemi akwatin HP na wannan zubin mai wat 400 ko 500. Ɗauki hoton takardar jikin naka da na bakunan wayoyinsa, ka nuna wa mai shago, ya gwada a gabanka kafin ka biya.

In ka samu mai 500, karɓi katin abokinka, ya isa duk da bai kai 550 ɗin da Nvidia ta faɗa ba. In mai 400 ne, ni da kuɗina RTX 4060 zan nema, wanda ke cin wat 115 kuma ya fi 3060 sauri a yawancin wasanni, ko RX 6600 na AMD mai wat 132, wanda yakan fi araha. Duk biyun 8GB gare su, kuma a allon 1080p za ka ga bambanci tun daren farko. In kuma canza akwatin bai yiwu ba, akwai RTX 3050 mai 6GB da ya fito a 2024, wat 70, ba ya son wata waya. Zai yi aiki, amma gaskiya tazararsa da katinka ba ta kai ka zubar da tarin da ka daɗe kana yi ba. RX 6500 XT kuwa bar shi inda ka gan shi: layi huɗu kacal na ramin PCIe yake amfani da su, a babban allo mai PCIe 3.0 irin naka sai ya shaƙe.

Ka auna tsawon wurin da tef, daga bayan akwatin kwamfutar zuwa abin da ya fara tare hanya. Cikin kwamfutar nan a matse yake, kati mai fanka uku ba zai shiga ba.

Game da katin abokin naka, abota daban, gwaji daban. Kafin Satumbar 2022, lokacin da aka daina haƙo kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto, an yi ta azabtar da irin waɗannan katunan dare da rana, daga baya suka cika kasuwar kayan hannu. A kunna wasa mai nauyi a kansa kamar rabin awa kana kallo. Saurari fankokin, duba ko ɗige-ɗige ko layuka na bayyana a allo, kuma zafinsa kada ya zauna sama da digiri 85. Ka tuna zafinmu na watan Afrilu yana nan tafe, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka.

Ranar sawa, taɓa ƙarfen akwati kafin ka taɓa komai, musamman da hunturu da jiki ke tara tartsatsi. Akwai ɗan makulli na roba a ƙarshen ramin, danna shi kafin ka zaro tsohon katin; masu fizga da ƙarfi su ne ke ɓalle ramin. Kada ka sayar da GTX 1650 sai sabon ya yi mako yana aiki, domin harafin F da ke ƙarshen sunan furosesarka yana nufin ba ta fitar da hoto da kanta, in katin ya ƙi, allo baƙi za ka gani. In ka koma AMD, goge tsofaffin direbobin Nvidia, wato manhajojin da ke tafiyar da katin, da manhajar gogewa mai suna DDU. In monitarka mai shuɗin bakin VGA ce, tanadi mahaɗa, sababbin katuna HDMI da DisplayPort suke da su. Kuma ƙaramin UPS mai 650VA bai kai wat 400 ba, zai iya kasawa da zarar an ɗauke wuta kana tsakiyar wasa.

Wani abu da ba ka tambaya ba: leƙa RAM ɗinka. In sanda ɗaya ce mai 8GB, ƙara ta biyu irinta ta zama 16GB. Wani ɓangare na sarƙewar da kake kuka da ita daga nan yake, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Da wannan ma zan fara.

Tambaya: Malam, laftof fa? Tawa GTX 1650 gare ta, ana canza mata?
*Wata ɗaliba daga Maraɗi*

Amsa: A'a, ƙanwata. A laftof liƙe katin aka yi da dalma a jikin babban allo, ba ya fita. Abin da za ki iya shi ne ƙara RAM, sa SSD (ma'ajiyar bayanai mai sauri) in babu, da kai ta a share ƙurar fanka a sabunta man da ke tsakanin guntun da ƙarfen sanyaya shi. Duk wanda ya ce zai ɗora miki babban kati a ciki, ki riƙe kuɗinki.