Dokina ya daina ɗingishi, na hau shi, ɗingishin ya dawo

Tambaya: Likita, ingarmana ne ya fara ɗingishi da ƙafar gaba ta hagu bayan mun yi sukuwa muna shirin hawan sallah. Bayan ƙwaurin ya ɗan kumbura, da zafi. Aka yi masa allurar kashe ciwo, cikin mako biyu ya miƙe sarai. Da na sake hawansa sai ɗingishin ya dawo, har ya fi na farko. Yanzu wasu na cewa a yi masa lalas, wato a ƙona wurin da ƙarfe mai zafi. Mene ne shawararka? (Daga wani mai karatu a Katsina)

Amsa: Malam, Allah ya ba shi lafiya. Yadda ka kwatanta, hankalina ya fi karkata ga raunin jijiya, amma kada a yanke hukunci sai an duba kofato tukuna. Ƙusa, tsakuwa ko mugunya da ta taru a cikin kofato su ne kan gaba wajen sa doki ɗingishi farat ɗaya, kuma maganinsu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Likita yana da wata awartaki da yake matsa kofaton da ita wuri-wuri. In dokin ya fizge ƙafa, to ciwon yana ƙasa.

In kofato lafiya lau yake, sai a hau sama. A bayan ƙwaurin doki akwai jijiyoyi uku a jere. Biyu na waje su ke lanƙwasa ƙafa. Ta ukun tana manne da ƙashi, ta taso daga ƙarƙashin gwiwa, ta sauko ta rabu biyu, kowane reshe ya kama ɗan ƙaramin ƙashi a bayan idon sawu. Aikinta ta riƙe idon sawun kada ya nutse ƙasa idan nauyi ya hau ƙafar. Ƙafafun gaba kuwa su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki. Gudu cikin rairayi mai zurfi, ko birki na bazata irin na jahi, ko sukuwa da dokin da ya shafe watanni a turke ba motsa jiki, duk suna iya ja wa wannan jijiya.

Ga abin da za ka iya gani da idonka. A ja dokin da sassarfa a kan ƙasa mai tauri, ya nufo ka. Idan ƙafar gaba ce ke ciwo, zai ɗaga kai duk lokacin da ta taɓa ƙasa, ya sauke shi a kan lafiyayyar. Sannan ka ɗaga ƙafar don jijiyoyin su saki, ka bi su da yatsu kana matsawa a hankali, ka gwada da ɗaya ƙafar. Amma fa in raunin yana can sama ƙarƙashin gwiwa, sau da yawa ba a ganin kumburi ko kaɗan. Irin wannan ya fi fitowa idan aka kewaya da dokin a ƙasa mai taushi, ƙafar mai ciwo tana wajen da'irar. Likita zai ƙara da allurar kashe zafi irin su lidoken, yana kashe ƙafar daki-daki daga kofato zuwa sama. Inda ɗingishin ya ɓace, nan ciwon yake. Sai sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, shi ke nuna girman yagewar. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya da kyau, amfaninsa a ga ko wani ƙaramin ƙashi ya tsage. Ka tuntuɓi asibitin koyarwa na dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Abin da ya faru da dokinka kuwa shi ne abin da ke nakasa dawaki da yawa. Jijiya kamar igiyar rama take, zare-zare ne aka tufka. Wasu zaren sun tsinke, allura ta danne zafin, kumburi ya saɓe, amma zaren ba su haɗu ba. Jini ba ya isa jijiya sosai, shi ya sa warkewarta ke cin watanni, kuma naman da ke cike gurbin bai kai na asali ƙarfi da talewa ba. Zafi kan tafi cikin makonni, ƙarfi kuwa sai an yi wata 6 zuwa shekara, gwargwadon raunin. Aka ga ya daina ɗingishi aka ɗaura sirdi, sauri ya haifi nawa.

Yanzu a koma farko. A riƙa kwarara wa wurin ruwan sanyi ko a ɗora ƙanƙara a cikin tsumma, minti 20, sau biyu ko uku a rana, har zafin wurin ya sauka. A naɗe da auduga mai kauri kafin bandeji, don ɗauri mai tsanani shi kansa yana lalata jijiya. Fenilbutazon, maganin kashe ciwo da kumburi, yana taimakawa na 'yan kwanaki bisa umarnin likita. In aka daɗe ana bayarwa yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, musamman lokacin zafi in doki bai sha ruwa ya ƙoshi ba. A ajiye shi a barga, kada a sake shi a fili ya yi ta tsalle. A rage dawa da gero, a ƙara harawa da ciyawa, domin ingarman da ke cin hatsi yana tsaye ba zai natsu ba. Ajiyewa kawai kuma ba ta wadatar: jijiya na bukatar ɗan motsi don sabbin zaren su jeru. Sai a fara jan sa da hannu a ƙasa mai shimfiɗa, minti 10 a rana, ana ƙarawa sannu a hankali. Ba sassarfa sai sikanin na biyu ya nuna an samu ci gaba, galibi bayan wata uku. A kuma gyara kofato, domin wanda ya yi tsawo ta gaba yana ƙara wa jijiyoyin baya aiki.

Batun lalas, ban yarda da shi ba. Wuta fata take ƙonawa, ba ta haɗa zaren da ya tsinke a ciki. Dawakan da ake cewa sun warke da lalas, hutun dole da miki ya sa aka ba su ne ya yi aikin. Ga haɗarin ƙuda da cutar tetanus mai sandarar da jiki, wadda doki ke saurin kamuwa da ita.

A Turai da Amurka ana yin allurar wani sashe na jinin dokin a cikin raunin, ana kuma yin tiyata idan saman jijiyar ƙafar baya ce ta ƙi warkewa. Duk da haka su ma ba sa tsallake watannin hutu. Sa'arka ɗaya, ta gaba ce: irin wannan rauni a ƙafar gaba ya fi saurin warkewa fiye da na baya, kuma yawancin dawaki kan koma aiki. Amma tunda ya riga ya maimaita sau ɗaya, hawan sallar da ke tafe ka nemi aron wani dokin.