Amsa ga mai tambayar noman furen fofi a Legas

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce kina da ɗan fili a wajen Ikorodu, kina so ki noma furen fofi (wanda Turawa ke kira poppy) mai launin ruwan hoda da ruwan ƙwai don sayar wa masu ado na biki.

Gaskiya 'yar'uwa, zafi ne matsalar. Nau'in fofin da kika gani a hoto, wanda ake kira Aisland, ɗan sanyi ne, ya fi jin daɗi ƙasa da digiri 20, mu kuwa nan rana kan haura 30, ga laima. Na gwada a Agege lokacin hunturu, tsiron ya fito kamar gashi, cikin sati uku ya kwanta ya ruɓe daga tushe. Ya yi mini ciwo sosai. Jos ce ta dace da shi, don tudunta ya kai mita 1,200.

In kin nace, ki barbaɗa irin a saman ƙasa, kar ki rufe, haske yake so, kuma ba ya son dashe. Ki yanke furen da zarar ƙoƙon da ya rufe shi ya fara tsagewa, ki tsoma gindin karan da kika yanke a tafasasshen ruwa daƙiƙa goma.

Ni dai noman furannin ziniya da kosmos na koma, suna jure ranarmu, kuma akwai masu launin da kike nema.