Ga ƙanina mai shirin zuwa karatu tsibirin Moris: maganar ciki

Ƙanina, saƙonka ya iso. Ka tambaya ko za ka samu abincin halal a nan Moris, da kuma ko abin da Baba zai riƙa turo maka zai ishe ka ci da sha. Ta farkon kwantar da hankalinka. Musulmi sun kai kimanin kashi 18 cikin ɗari na mutanen ƙasar, mahautansu na ko'ina, a Port Louis babban birnin ƙasar kuwa, unguwar Plaine Verte kusan duk tasu ce. Kaji a nan ake kiwonsu, yawancin na kanti da tambarin halal a jiki.

Ta biyun ce mai wuya. Tun zamanin Turawa rake ya mamaye gonakin tsibirin, shi ya sa kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ake ci daga waje ake shigo da shi. Shinkafa basmati daga Indiya da Pakistan, daskararren naman tumaki daga Ostareliya, hatta shanun layya jirgin ruwa ke kawo su daga Afirka ta Kudu. Ranar da darajar rupi, kuɗin ƙasar, ta faɗi, a tukunyarka za ka gani. Fulawa da iskar gas da shinkafar talaka dai gwamnati na sa musu tallafi, don haka burodi bai fi ƙarfin ɗalibi ba.

Kada kuma ka ce tun da teku ta kewaye mu kifi a banza yake. Ɗanye mai kyau tsada gare shi, gidaje da yawa na gwangwani da mai gishiri suke saye. Tumatir kuwa sai yadda iska ta yi da shi. Bayan guguwar Belal ta Janairun 2024 kayan miya sun yi tashin gwauron zabi, mutane suka koma tumatirin gwangwani.

Abin da zai rufa maka asiri shi ne ka ci abin da 'yan gari ke ci. Da rana za ka ga layi, ma'aikacin banki da leburan gini, gaban mai dholl puri. Wani lallausan fanke ne marar kauri da aka cusa wa niƙaƙƙen wake, a shafa masa miyar wake da ta tumatir da barkono, a naɗe bibbiyu a takarda a miƙo maka da zafinsa. Da 'yan canji ka ƙoshi. Amma ka bi soye-soye da lemon kwalba a hankali, don kusan ɗaya cikin manya biyar a nan yana fama da ciwon suga.

Gero da dawa kam sai ka dawo hutu, fura ma haka. Kuɓewa da zogale da rogo suna nan a babbar kasuwar Port Louis, shinkafar nan mai araha kuma tana tuƙuwa tuwo sarai. Ka sa Inna ta ɗaure maka kuka da daddawa da yaji, ka nuna wa jami'an filin jirgi da kanka kafin su tambaya. Kilishi ka cinye shi a gida, suna da tsanani kan shigo da nama. Kafin ka taso kuma ka zauna kusa da ita a madafi ko na wata guda ne, ka koyi kaɗa miya.