Tambayoyinku kan aikin rubuta bayanan likita daga murya

Wata mai karatu daga Zariya, wadda ta kammala digiri a fannin kimiyyar halittu, ta rubuto cewa ta ga tallan wani kwas na wata uku kan rubuta bayanan likita daga murya a Facebook, inda aka yi alkawarin cewa duk wanda ya gama zai riƙa yi wa asibitocin Amurka aiki daga gida, ana biyansa da dala. Tana tambaya ko ta biya kuɗin.

Malama, kafin ki fitar da ko sisi, ya kamata ki san halin da sana'ar take ciki a ƙasar da aka ce za ki yi wa aiki. A Amurka likita yakan naɗi muryarsa bayan ya duba mara lafiya, ya faɗi tarihin ciwon da abin da ya gani, ko yadda tiyata ta gudana, ko bayanin sallama daga asibiti, sannan wani ya saurara ya mayar da maganar rubutu, likitan ya karanta ya sa hannu. Masu wannan aiki sun kafa ƙungiyarsu a Kaliforniya a 1978, wadda tun 2007 ake kira AHDI, kuma ita ce take tsara ƙa'idojin salon rubutun da jarrabawar ƙwarewa. Sai dai aikin ya sauya kama. Wata dokar Amurka ta 2009 mai suna HITECH ta ware kuɗi don asibitoci su koma ajiye bayanai a kwamfuta, likitoci da yawa suka fara shigar da bayanansu da kansu, manhajoji masu gane murya irin su Dragon Medical kuma suka karɓe kaso mai yawa na bugun farko. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta ƙasar ta daɗe tana hasashen cewa guraben wannan aiki raguwa za su yi. Abin da ya rage galibi shi ne gyara abin da na'ura ta rubuta, kuma da yake ana biya ne bisa yawan layi, inda layi ɗaya yakan zama haruffa 65, kuɗin layin gyara bai kai na layin bugu ba.

Akwai kuma batun sirri, wanda masu talla ba su cika ambatonsa ba. Dokar HIPAA ta 1996 ta ɗora wa asibitoci da duk wanda suka ba aiki nauyin tsare bayanan marasa lafiya, shi ya sa da wuya asibiti ya tura muryar likita kai tsaye ga mutum ɗaya da ke zaune a wata ƙasa. Aikin da ke fita waje yakan bi ta manyan kamfanoni masu yarjejeniya a rubuce, yawancinsu a Indiya da Filifin. A 2003 wata mai wannan aiki a Pakistan, wadda aka hana ta haƙƙinta, ta yi barazanar watsa bayanan marasa lafiyar wani asibitin jami'a da ke San Faransisko a intanet, kuma tun daga lokacin asibitoci suka ƙara sa ido kan inda bayanansu ke zuwa. Saboda haka ki nemi masu kwas ɗin su faɗa miki sunan kamfanin da yake ɗaukar ɗalibansu, da yawan sa'o'in muryar likitoci ta gaske da za ki yi atisaye da ita, da kuma ko karatun yana shirya mutum ga jarrabawar RHDS, wadda ita ce matakin farko na shaidar AHDI, kafin CHDS ta waɗanda suka shekara biyu a aikin manyan asibitoci. In suka yi ta kwana-kwana, ki riƙe kuɗinki. A ganina wata uku ba za su ishe ki ba, domin sanin sassan jiki da sunayen magunguna da kama Turancin likita mai sauri abu ne da yake cin lokaci. In kuwa sha'awarki ita ce aiki da bayanan asibiti a nan gida, hanyar da take da tabbas ita ce karatun kula da bayanan lafiya da ake yi a asibitocin koyarwa da kwalejojin kimiyyar lafiya, wanda hukumar HRORBN, da aka kafa a 1989, take yi wa masu shi rajista.

Wani ɗan uwa daga Kano, wanda ya riga ya fara koyo, ya ce mai shago ya ba shi shawarar ya sayi feda da abin sauraro na kunne da manhajar Dragon gaba ɗaya, yana so ya san wanne zai fara da shi.

Ɗan uwa, ka fara da abin sauraro mai waya wanda yake rufe kunne sosai, domin duk aikin a kan ji ya rataya, kuma mara waya yakan ƙare caji a tsakiyar rahoto. Manhajar Express Scribe tana da samfurin kyauta da zai ishe ka koyo, har kana iya tsayar da murya ko rage saurinta da madannan kwamfuta. Feda, wadda ake takawa kamar ta keken ɗinki don a kunna murya ko a mayar da ita baya ba tare da an ɗaga hannu daga bugu ba, tana da amfani ƙwarai, kuma ta Infinity mai mataki uku ce aka fi sani, amma ka jira sai ka san manhajar da mai ba ka aiki yake amfani da ita, don ba kowace feda take shiga da kowace manhaja ba. Dragon kuwa, a wannan sana'a, kayan likita ne da asibiti, ba ka da bukatarta. Kuɗinta ka sa su a batiri da inbata, kuma ka tabbatar kwamfutar taka ce kai kaɗai, ba wadda yara suke kallo da ita ba.

Tambaya ta ƙarshe daga wata ɗaliba ce, kuma ita ce ta fi burge ni. Ta ce a wani atisaye likita ya faɗi adadin magani da ta tabbata ya yi yawa, a wani wurin kuma ta kasa jin kalma, shin ta gyara na farkon ta kuma cike na biyun da abin da ya fi dacewa?

'Yar uwa, kada ki yi ko ɗaya. Inda ba ki ji ba, ki bar gurbi ki sa alama, inda kuma kike zargin kuskure a adadi ko sunan magani ko gefen jiki, dama ko hagu, ki rubuta abin da aka faɗa ki jawo hankalin likitan ko mai duba aikinki. An yarda ki daidaita nahawu da alamomin rubutu matuƙar asibitin bai ce a rubuta kalma da kalma ba, amma ma'ana ta likita ce, shi ne mai sa hannu, takardar kuma tana iya zama hujja a kotu. Sabon shiga yakan ji kunyar barin gurbi, alhali masu duba aiki sun fi ɗaukar cike na zato a matsayin babban laifi, saboda gurbi kowa yana ganinsa, zato kuwa yakan wuce a matsayin gaskiya. Turancin likitanci cike yake da kalmomi masu kama da juna a kunne: hyper da hypo kishiyoyi ne, ileum yanki ne na ƙaramin hanji yayin da ilium ƙashin ƙugu ne, 15 da 50 kuma a bakin mai sauri kusan ɗaya suke. Na'ura ma a irin waɗannan wurare take tuntuɓe, kuma tana yin sa cikin jimla mai kyau da ba ta tayar da zargi.

Wasu ƙa'idojin salon ma don tsare rai aka kafa su. Tun 2004 hukumar Joint Commission, mai tantance asibitocin Amurka, take da jerin gajerun kalmomi da ta hana. Ba a rubuta U a madadin ma'aunin insulin, domin ana iya karanta 10U a matsayin 100. Ba a rubuta QD, wato sau ɗaya kullum, saboda yana rikicewa da QID, sau huɗu a rana, haka nan MS, wanda yake iya nufin magunguna biyu daban. A adadin magani ana rubuta 0.5 da sifirinsa a gaba, amma ana rubuta 5 ba 5.0 ba, domin in ɗigon ya ɓace a ido, adadin ya ninka sau goma. Kafin ki fara kowane rahoto, ki gwada sunan mara lafiya da lambar fayil ɗinsa da ranar da aka gan shi, don rahoto mai kyau a fayil ɗin wani mutum ɓarna ce babba. In kuma aka gano kuskure bayan likita ya sa hannu, ba a goge tsohon rubutu, ƙari ake yi mai ɗauke da kwanan wata da sunan wanda ya yi gyaran, na farkon kuma ya ci gaba da zama a fayil.